Ranar da Aka Raba Kayan Jami'a a Kwandiko

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona, ko cajin waya ne ya kawo shi, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Injiniya, wai da gaske ne akuya ta ci kayan jami'a?" Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakin mutane, don jiya bayan Azahar na ji wani yana rantsuwa wai raƙumi ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa in ci gaba da aikina. Akuya ce, kuma ba ta ci da yawa ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, ina da shagon gyara da haɗa kwamfuta a nan Birnin Kudu, kusa da tasha. Injiniyan da ake kirana mutanen gari ne suka ba ni, ni kuma ban taɓa musa musu ba.

Wadda ta jawo tafiyar ita ce Dakta Hauwa, 'yar garin Sundimina, ƙanwar wani abokina. Kimiyyar sinadarai ta karanta, tana koyarwa a wata jami'a can gabas da mu. Sai dai irin nata ilmin ba na kwalba da hayaƙi ba ne. A kwamfuta take zana ƙwayar sinadari, ta bar na'ura ta yi ta lissafi kwana da kwanaki, har ta gaya mata yadda zai kasance in ya haɗu da wani, tun kafin kowa ya zuba komai a cikin komai. Ta daɗe tana fama kafin a ba ta ɗaki guda da kwamfutoci. Da aka ba ta kuma, aka ba ta da sharaɗi: ranar Alhamis kwamitin rabon ɗakuna zai zo, in bai tarar da injina suna aiki ba, za a karɓe ɗakin a mayar da shi ma'ajiyar takardun jarrabawa. Shugaban kwamitin wani tsohon Farfesa ne wanda ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ɗakin sinadarai da babu kwalba, babu wari, ai ɗakin buga takardu ne kawai.

Aikina shi ne in haɗa kwamfutocin su riƙa lissafi tare, kamar 'yan gayya a gona ɗaya, in kuma ɗora musu manhajojin da za su yi lissafin. Na haɗa kayan aiki cikin kwali guda: igiyoyin sadarwa shuɗɗa, da akwati mai ramuka wanda duk igiyoyin ke haɗuwa a jikinsa, da allunan madannai, da ƙananan fankoki na sanyaya inji. Ran aikin duka kuwa yana cikin wani faifan ajiya da bai kai tafin hannu ba, wanda na yi makonni ina sauke manhajoji ina daidaita su a ciki, don Dakta ta ce intanet ɗinsu rarrafe yake yi. Da yake ni mai taka-tsantsan ne, na kwafe komai a faifai na biyu. Sannan na manne su biyun da salatif, na sa a 'yar jaka guda mai ƙyalli kamar azurfa, na jefa a kwalin, don kada ɗaya ya ɓata.

A ƙasar nan kuwa kun sani, wanda zai bi ta Gwaram, ko gawa ya ɗauko sai an ba shi saƙo. Maiɗakina Binta 'yar ƙauyen Kwandiko ce, can wajen Gwaram, mahaifiyarta tana can. Tana jin hanyar da zan bi ta shiga shagona ta ɗauki kwalin da babu komai, irin nawa sak, ta cika shi da abin da ta cika shi, ta ɗaure da igiyar da na yanki tawa a jiki.

Na ce, "Binta, kwalayen nan sun yi kama."

Ta ce, "Na Inna ƙulli biyu na yi masa, naka ɗaya. Ko yaro ya gane. Na kira Sale ɗan acaɓa, zai tare ka a tashar Gwaram."

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne kwandasta. Ƙaramar bas muka samu, kwandastan ya kalli ɗaurinmu ya yi tsaki, ya ce wannan ai ɗaurin mutanen ofis ne, ya kwance duka ya sake nasa. Ni a lokacin ina can ciki ina neman inda zan sa gwiwata, tsakanin wata mai buhun barkono da wani Alhaji mai jiki, wanda tun kafin mu bar gari ya ɗora kansa a kafaɗata ya shiga barci kamar ya biya kuɗinta. Direban kuwa mutum ne mai zumunci. Duk wanda ya ɗaga hannu a bakin hanya sai ya tsaya, ko da miƙa mutumin yake yi.

Muna isa Gwaram na hango Sale a kan babur. Na yi yunƙurin fita, amma ƙofar ɓangarenmu da igiya aka ɗaure ta, Alhaji kuma ya ƙara nauyi. Direba yana ta matsa oda. Na zura kai ta taga na ƙwalla wa kwandasta, "Mai ƙulli biyu!"

Ya duba. Kowane kwali a lokacin ƙulli ya yi masa katutu. Ya ɗago ɗaya ya ce, "Wannan?"

Kusurwarsa kaɗai na hango ta bayan rawanin wani fasinja. Na ce shi ne. Na ce da Sale ya gaida min Inna, muka wuce. Wannan gaisuwar ce Sale ya ɗauka, ya juya ta a hanya, ya isa da ita a matsayin, "Injiniya ya ce a kawo miki."

Bayan Basirka, inda jiharmu ta ƙare, akwai shinge. Wani jami'i dogo ya leƙa but ɗin motar ya tambayi mai kwali. Na gyara murya na ce kayan jami'a ne, na binciken kimiyya, ba a buɗe su a cikin ƙura, ba a kuma jijjiga su. Sai ya ɗauka ya jijjiga. Ya kai hancinsa ya ce, "Malam, ƙamshin sabulu nake ji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kimiyyar sinadarai ce."

Ya jinjina kai cikin girmamawa, ya ajiye a hankali, har da sara min. Na koma mota ina jin kaina, na ma ɗan ture kan Alhaji.

Can gaba muka tsaya cin abinci, inda na fara ganin bambancinmu da mutanen wancan gefen. Wainar da mu muke yi 'yar daidai baki, su masa suke ce mata, kowace kamar faifan rufe ƙwarya, a tsoma ta cikin miya har ta nutse. Na ci uku na nemi wurin jingina. Da la'asar muka shiga garin jami'ar, aka sauke ni a masaukin baƙi, hannun wani dattijo mai tarin makullai a ƙugu. Gaisuwarsa ba ta ƙarewa, rabi Hausa rabi Fulatanci. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi shanu. Na ce ba ni da shanu, ya yi min jaje sosai. Su can kunun gyaɗa ne ruwan baƙo: ka shigo kunu, ka fita kunu, ka ce ka ƙoshi a ƙaro maka don kada a ce an yi maka rowa. Ɗakin yana da famfo da shawa masu kyan gani, ruwan kuma yana cikin bokiti a bakin ƙofa.

Da safe na saɓi kwalina zuwa ɗakin Dakta Hauwa. Ta share shi tas, kwamfutoci jere a kan tebura, ɗalibanta sun tsaya suna jiran ganin abin al'ajabi. Kamar an aiko shi, sai ga Farfesa ya leƙo, ɗan gajere mai farin gemu da tabarau a kan hanci, wai wucewa yake ya ce bari ya ga masu buga takardu. Na yi bisimilla na yanke igiya.

Omo ne a sama. Ƙarƙashinsa sabulun wanka, da sukari, da taliya, da turmin atamfa, da man zafi na ciwon gwiwa, da silifa na mata.

Farfesa ya sa hannu ya ɗauki sabulu guda, ya juya shi, ya sansana, ya ce, "To, madalla. Ga sinadari na farko ya iso." Ya ajiye ya fita yana gyara babbar riga.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Dakta ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kalli kwamfutocin da ta yi shekaru tana roƙo, ta kalle ni, ta ce a hankali, "Malam Nasiru, Alhamis fa."

Baƙo zai ce ai abu ne mai sauƙi, a je a karɓo kwali. Ni ɗan ƙasa ne, na san a Kwandiko saƙo ba ya kwana a gida ɗaya. Ana kwance shi za a kasa, a aika wa maƙwabta da dangi da gidan liman, mai saƙon ta ɗauki mafi ƙanƙanta. Na kira Binta. Ta yi dariya har na ji wayar ta faɗi, ta ɗauka ta ci gaba.

Na ce, "Ki kira Inna ki gaya mata kuskure aka yi."

Ta ce, "Ni? Tun jiya ta kira ni tana sa maka albarka, ta ce duk unguwa an shaida surukinta ya aiko mata da kayan Turawa. In ce ta bi gida-gida ta karɓo? Wallahi ba da bakina ba. Ka nemi Talatu."

Talatu ƙanwar Binta ce, tana aure a nan Kwandiko, abokiyar wasana ce, kuma tun ranar ɗaurin aurena ba ta taɓa raga min ba. Na ɗaure kwalin omo na kamo hanya. A shingen nan jami'in jiya ya gane ni, ya ce, "A'a, Malam, kayan kimiyyar ne suka dawo?" Na ce gyara za a yi musu.

Daga Gwaram Sale ne ya ɗauke ni, yana ta ba ni labarin yadda aka yi murna, ni kuma ina kallon ƙeyarsa ina istigfari. Muna shiga gari na fara ganin kayana. Wata shuɗiyar igiya an shanya zannuwa a kanta. Wata tana wuyan akuya. A bakin rijiya wani dattijo yana jan guga da ta uku, ya gan ni ya saki aiki ya zo ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Igiyar nan ba ta jin ruwa."

Na ce, "Amin, Baba. Haka aka yi ta."

Aka shimfiɗa min tabarma a zaure kamar hakimi ya zo. Sannan aka kai ni gaida Inna. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ita tana ciki ta juya fuska gefe, kamar yadda aka saba tsakanin suruka da suruki. Ba ta kiran sunana, Baban Ummi take ce min, da sunan 'yarmu ta fari. Ta ce, "An ga kaya. Allah ya ƙara buɗi, Allah ya sa 'ya'ya su yi muku fiye da haka." Duk maganar da na tsara a mota ta narke. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba komai, Inna, ba yawa."

Aka yanka min kaza. Ga yunwa tun safe, amma suruki ba ya cin abinci a gidan surukai kamar wanda ya zo daga yaƙi. Na taɓa loma biyu na rufe kwano ina haɗiyar yawu. Sai ga Talatu ta shigo da goyo, ta zauna ta jawo kwanon, ta fara da cinya.

Ta ce, "Injiniyan kwali, sannu da zuwa. Yaya ta gaya min komai. Yanzu me za ka ba ni?"

Na ce, "Ke dai ki rufa min asiri."

Ta ce, "Asirinka ai yana wuyan akuyar Malam Iro."

Dabararta mai sauƙi ce. Washegari za ta shiga gidaje da kayan kwalin Binta, ta ce wa mata Injiniya ya ce na farkon somin-taɓi ne, ga na amfani ya kawo, a ba shi wancan ya kai inda za a sa musu wuta. Maza kuma ni zan ji da su. Na kwana a shagon samari, tare da buhunan gero da wata kaza mai kwanci da ba ta yarda da ni ba.

Ɓangaren mata bai yi wuya ba. Talatu ta ce kowacce ta ga omo sai ta yi ajiyar zuciya, ta ce da ma sun rasa yadda za su yi da abin, kunyar Inna ce ta hana su tambaya. Allon madannai guda an rataye shi a bango kusa da kalanda. Wani kuma yara ne suke wasan banki da shi, ya dawo babu harafi ɗaya. Igiyar akuya kuwa mun same ta, sai dai ta tauna wajen kamu guda, tana kallona tana ci gaba da tauna kamar ita ma an ba ta rabonta.

Akwati mai ramuka yana wurin mai unguwa, don shi aka kai wa mafi nauyi. Na same shi a ƙofar gida ya ajiye shi a gefensa, ya ɗora rediyo a kai. Bayan doguwar gaisuwa ya matso ya rage murya ya ce, "Injiniya, tsakaninmu, abin nan lafiyarsa ƙalau kuwa? Ramuka ga su nan birjik, amma ko waya ɗaya bai yi wa caji ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya kawo ni ke nan. Sai an kai shi birni."

Ya ce da ma ya faɗa. Ya miƙo min da kansa, har da godiya.

Wanda ya ba ni wahala shi ne mai shayin bakin kasuwa. Shi ya samu fankokin, ya jona su da batirin babur, ya saita su a bakin murhu suna hura masa gawayi. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa hutawa da fifita ba sai shekaranjiya, kuma kyauta ce daga hannun Inna, duk mai so sai ya je ya tambaye ta. Na yi lallashi, na sha shayi kofi biyu da ban yi niyya ba. Sai da na yi masa alkawarin wata babbar fanka daga shagona, Sale ya tsaya shaida, sannan ya kwance su yana ƙunƙuni, duk sun yi baƙi da toka.

Kafin la'asar kwali ya cika. Na zazzage shi a zaure ina dubawa, na sake dubawa. Babu jaka mai ƙyalli. Na ɗago na kalli Talatu, na ga a karon farko tun da na san ta babu dariya a fuskarta.

Ta ce, "Tana wurin Inna. Ita ce ƙarama, ita ta ɗauka. Ta sa a adakarta, inda take ajiye awarwaron da Baba ya bar mata."

Na ce, "To ki yi mata dabarar omo mana."

Ta ce, "Ba zan iya ba. Kullum saƙo ya zo, na Binta ne. Wannan ne karo na farko da aka ce daga hannunka ya fito. Duk wadda ta shigo sai ta buɗe adaka ta nuna mata. Kai in za ka iya, ga ƙofa nan."

Na kalli ƙofar. Na tuna fuskar Dakta Hauwa, na tuna muryar tsohuwar nan tana cewa an ga kaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ko ta ina na juya sai na kunyata wata. Na fita bayan gari inda ake samun sabis na kira Dakta, na gaya mata komai ya samu ban da faifan, kuma ba zan iya tambaya ba. Na zaci za ta ce in ajiye kunya in yi aiki. Sai ta ce, "Ni ma 'yar ƙauye ce, Malam Nasiru. Ka taho da abin da ya samu, mu gwada abin da Allah zai yi." Muryarta ta nuna ta riga ta fara sallama ɗakin.

Ranar Laraba da sassafe na je sallama. Na durƙusa a inda na durƙusa shekaranjiya. Inna ta yi addu'o'inta, sannan ta turo wani ƙunshi ta ƙarƙashin labule, an naɗe shi da leda an ɗaure tam. Tun kafin ya iso gabana na san daddawa ce, irin ta kalwa mai ƙarfi wadda ake jin ta daga bayan katanga.

Ta ce, "Baban Ummi, wannan a kai wa malamar da ke jira. A ce ina gaishe ta. Saƙo ne, ba a buɗewa a hanya."

Na ce to. Ban tambayi yadda aka yi ta san akwai malamar da ke jira ba. A Kwandiko in akuya ta canza igiya, kafin Magariba kowa ya san dalili.

A mota fasinjoji suka yi ta buɗe taga suna hararata. A shinge jami'ina ya nufo but, ya tsaya tun daga nesa, ya toshe hanci ya ce, "Malam, yau kimiyyar ta fi ƙarfi. Ku wuce."

Na isa jami'a bayan Azahar. Na ajiye kwali, na miƙa wa Dakta ƙunshin na ce surukata tana gaishe ta. Ta yi murmushin ƙarfin hali ta kwance shi a kan tebur. Ga daddawa, ga kuka, ga 'yar gyaɗa. A tsakiya akwai wani abu naɗe cikin ƙyallen atamfa. Ta warware. Faifaina ne guda biyu, manne da salatif ɗinsu yadda na manne su. Jakar mai ƙyalli ce kawai babu.

Dakta ta zauna a kujera ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na juya ina ta laluben igiyoyi, don ɗalibai suna wurin kuma idona ya kawo ruwa.

Daga nan aiki ne kawai. Ɗalibai suka goge toka daga fankoki, na yanke inda akuya ta tauna na sa sabon kai, muka ja igiyoyi daga kowace kwamfuta zuwa akwatin mai unguwa, fitilunsa suka fara ƙyaftawa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora manhajojin, Dakta tana tsaye a kaina tana gyara min inda na yi gaggawa. Ƙunshin Inna kuma wani ɗalibi ya tura shi cikin kabad a bayan injina, muka rufe tagogi saboda ƙura, muka manta da shi. Fankoki suka kwana suna hura iska mai ɗumi a kansa.

Ranar Alhamis da hantsi kwamiti ya shigo, Farfesa a gaba. Dakta ta zana ƙwayar ruwa a allo, ta ba injina umarni, suka ɗauka tare, kafin a gama gyara zama amsa ta fito, ƙwayar tana juyawa a gabansu. Ta ɗora wata babba, ta wani ganye da take bincike a kai, ta nuna musu yadda kowace kwamfuta ta ɗauki nata kason. Sauran 'yan kwamiti suka matso suna tambaya, tana amsawa. Farfesa kuwa bai kalli allo ba. Yana tsakiyar ɗaki, hancinsa sama, yana shaƙa. Ya taka nan, ya taka can, ya sunkuya kusa da injin da ke jikin kabad.

Ya ce, "Dakta, wannan da nake ji, daga aikin ne?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tare suka zo da manhajar."

Ya miƙe ya kalli 'yan kwamiti ya ce, "Kun ji ko? Ai na sha faɗa, sinadari sai da wari. Yanzu na yarda ana aiki a nan." Ya juya ya ce a nemo wa takardun jarrabawa wani wurin.

Suna fita Dakta ta rufe ƙofa, muka yi dariya har ɗaya daga cikin ɗaliban ya zauna a ƙasa. Ɗakin yana hannunta har yau, an ce kuma in aka kunna injina da safe har yanzu yakan ɗan tuna wa mutane da miyar kuka.

A hanyar dawowa na sauka a Gwaram, na sayi bargo mai kyau, na hau bayan Sale na kai shi Kwandiko da hannuna, na ce daga gare ni ne. Inna ta sa albarka. Ba ta ambaci faifai ba, ni ma ban ambata ba, kuma na san har abada ba za mu ambata ba. Mai shayi ya samu fankarsa, mai unguwa kuma yana nan yana jiran akwatinsa ya dawo daga birni.

Shekaranjiya Talatu ta kira ni, bayan ta gama tsokanata ta ce bargon bai kwana ba, an kai wa matar liman da ke fama da sanyi. Na tambaye ta jakar nan mai ƙyalli fa. Ta ce tana cikin adaka, kusa da awarwaro. Duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta fito da ita ta nuna, in aka ce ai babu komai a ciki, sai ta ce, "Na cikin yana jami'a, yana aiki. Surukina ne ya kai shi."